Cigiyar Yakubu a Ƙasar Panya

Kun taso kuna jin cewa ciwon maƙogwaro ne ya raba ni da makirufo. Ni na bar maganar ta zauna haka, domin ta fi sauƙin faɗa wa yara, mamanku kuma ta taya ni rufewa. Maƙogwarona lafiyarsa ƙalau har yau. An ɗauke ni daga ɗakin watsa shirye-shirye ne saboda sakan arba'in da na ƙara a kan abin da aka amince in karanta, kuma da sanina na ƙara su. Tunda yanzu kowannenku ya yi gidan kansa, wasu a Kano, wasu a nan Madinat Nasr, gara ku ji yadda aka yi daga bakina.

A shekarar muna zaune a unguwar Abbasiya a nan Masar, hawa na huɗu, gidan nan da ke saman mai gasa burodi. Ina aiki a sashen Hausa na gidan rediyon da ke watsa shirye-shirye zuwa Afirka ta Yamma a gajeren zango. Ban da karanta labarai, ina da shiri na mako-mako, minti goma sha biyu, inda nake ɗaukar ƙasa guda ta Afirka in faɗi inda take, yadda aka yi ta zama ƙasa, da yadda ake mulkinta. Ƙa'idar gidan ba ta da wuyar ganewa. Ka rubuta da Hausa, ka fassara da Larabci, mai dubawa ya karanta ya buga hatimi a kowane shafi. Abin da babu hatimi a kansa ba ya fita daga bakinka. Na yi shekara goma sha huɗu a wurin ban taɓa ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma ina jin daɗin hakan, don na yarda da ƙa'idar.

A wannan shekarar ce kakarku Inna ta zo daga Yola aka cire mata yanar ido, likita ya ce ta zauna tukuna kafin a yi ɗaya idon. Kun san yadda ake tsakanin mutum da surukarsa. A gida da akwai zaure da tsakar gida, kowa na iya kauce wa kowa. A Abbasiya ɗaki uku ne da lungu guda ɗaya siriri, sai ya zama idan ta ji motsina ta koma ɗaki, idan na ji nata in tsaya ina duba takalmi. In kuwa dole ta haɗa mu a falo, sai mu yi magana ta bakin mamanku, wadda Inna ke kira Auta.

"Auta, gaya wa Malam an gode da lemo."

"Ki ce mata Allah ya ƙara sauƙi."

"Ni fa na gaji," in ji mamanku. "Mutum biyu masu jin Hausa sun ɗauki tafinta, ga shi ba a biyana."

Abin da na sani game da rayuwar Inna kafin Yola kaɗan ne. Na san a Panya aka haifi mamanku, wato tsibirin da mutanenmu suka riƙa zuwa ta Kalaba, wasu aikin gonar koko, Hausawa kuma fatauci da fawa. Na san mahaifinta a can ya rasu. Na san da abubuwa suka lalace gwamnatin Najeriya ta aika jiragen ruwa suka kwaso mutanenta, mamanku tana 'yar shekara biyar. Na kuma san akwai yayanta namiji, ɗan farin Inna, wanda ba a dawo da shi ba. Yana ɗan shekara goma sha huɗu ƙanin mahaifinsu, Baffa, ya tafi da shi fatauci, makonni kaɗan kafin jiragen su zo. Dangi sun neme su a Kamaru shekara da shekaru. Duk ɗan kasuwar da zai je Duwala ko Kumba ko Limbe sai an ba shi saƙo, har aka gaji aka yi masa addu'a. Inna ba ta taɓa ambatar sunansa ba, kuma ba wanda ya sa ran za ta ambata, ɗan fari ne. In magana ta biyo ta kansa sai ta ce "yaron nan," ta wuce.

Da layi ya zo kan Ikwatoriyal Gini a shirina, ban kawo Inna a raina ba. Abin da ya dame ni shi ne littattafan ofis ba su da komai a kanta sai rabin shafi, ga shi a lokacin sunanta ya fara yawo a labarai saboda man fetur. Na hau ƙaramar bas ɗin haya, wato mikrobas, zuwa Ataba, wurin masu tsofaffin littattafai, na yi yini biyu ina tono. Na samo littafi da Ingilishi, da wani da Larabci, da tsohon kundin taswira na Sifaniyanci wanda bangonsa ya cire. Tun a mota na fara karantawa har na wuce tashata.

Ban taɓa cin karo da ƙasa mai irin wannan fasali ba. Ita kaɗai ce a Afirka da Sifaniyanci ya zama harshen gwamnatinta na farko. Sunanta ya jingina ta da layin da ya raba duniya biyu, amma layin bai ratsa babban yankinta ba. Ba dunƙule take wuri guda ba, yanka-yanka ce. Akwai tsibirin da a da ake kira Fanando Po, wato Panyar mutanenmu, yanzu Bioko, mai dutse dogo da ƙasa baƙa mai kyau da koko, wanda mutanen asalinsa Bubi ne. A kansa babban birnin yake a lokacin, Santa Isabel a da, Malabo daga baya. Sai kuma wani yanki a kan tudun Afirka, tsakanin Kamaru da Gabon, daji ne mai duhu, ya ninka tsibirin girma sau da yawa, can mafi yawan jama'a suke, akasarinsu Fang, babban garinsu Bata a bakin teku. Sai wani ɗan tsibiri can kudu mai nisa, wanda sai ka wuce wata ƙasar daban kafin ka kai shi. Turawan Fotugal ne suka fara zuwa, suka miƙa wa Sifaniya, Turawan Ingilishi ma sun yi zama na ɗan lokaci a tsibirin. Da aka ba da 'yanci aka ɗaure waɗannan yankuna da tuta ɗaya. Shugaban farko ya fito daga yankin tudu, ya yi mulki mai tsanani, mutane da yawa suka mutu, da yawa suka gudu, har ta kai an hana jiragen ruwa da kwale-kwale fita don kada a tsere. Wani ɗan'uwansa soja ya kifar da shi ya hau, kuma shi ne a kai har lokacin da nake rubutun. Daga baya aka sami mai a ƙarƙashin tekun da ke kewaye da tsibirin, ƙasar da ba wanda ke tambayarta ta cika da baƙi.

Ranar Juma'a bayan mun sauko daga masallaci na baje taswirar a teburin cin abinci ina auna nisa da zare. Inna tun da idonta ya buɗe ba abin da ke wuce ta, har rubutun jikin kwalin shayi sai ta sa an karanta mata. Ta tsaya a bakin falo.

"Auta, wannan takardar ta mece ce Malam yake ɗinkawa?"

"Taswira ce, Inna. Ga ma garinmu nan, Santa Isabel."

Ta matso, ta rufe idon da ba a yi wa aiki ba da tafin hannu, ta duba. Ta gane bakin ruwan. Ta nuna inda kasuwa take, da unguwar da Hausawa suke, da tudun da ake tsayawa a hango jirage. Ta ce in gari ya washe, daga nan ana ganin dutsen Kamaru tsaye a ƙetaren ruwa kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Sai ta ɗora yatsa a kan yankin tudu, wanda aka shafa wa launi ɗaya da tsibirin.

"Wannan kuma ta wa ce?"

"Ki ce mata duk ƙasa ɗaya ce," na ce. "Nan ne Bata."

"Bata na san sunanta. Daga can sojojin suke zuwa. Ashe ƙasarmu ce?"

A nan wani abu ya faɗo mini. Aikin labarai ya koya mini cewa in mutum ya ce ya san abu, ka tambaye shi da idonsa ya gani ko gaya masa aka yi. Na ce wa mamanku ta tambaye ta, ranar da Baffa ya tafi, ya faɗi inda za su? Inna ta ce a wancan zamani ba mai faɗin hanyarsa, ko ga matarsa, balle matar wansa. Abin da ya ce kawai za su haye ruwa su dawo kafin azumi. Na ce wa ya ce Kamaru suka tafi? Ta ce ba wanda ya ce. Ta tsaya a kan tudun ta ga jirgi ya fita, ƙasar da ke gabanta kuwa Kamaru ce, ina kuma za su? Na ce wane irin jirgi, kwale-kwale ne na sata ko babba? Ta ce babba ne, da tuta, da rana tsaka ya tashi, sojoji na duba takardun masu shiga.

Na ajiye zaren. Duk abin da na karanta ya nuna cewa a waɗannan shekaru ba a barin mutane su bar ƙasar a fili. Jirgi mai tuta da sojoji a bakinsa, da rana, ba inda zai fi dacewa ya nufa sai ɗaya rabin ƙasar. Bata ba ta ganuwa daga tsibirin, tana can kudu maso gabas bayan ruwa mai nisa. Shekara kusan talatin dangi suna nema a ƙasar da ido ke gani, ba wanda ya aika ko wasiƙa ɗaya zuwa garin da jirgin ya fi yiwuwa ya je. Na faɗa wa mamanku haka, a hankali, na kuma ƙara da cewa zato ne, ba tabbas ba. Inna ta ɗauke yatsanta daga taswirar ta koma ɗaki.

Na san akwai Hausawa a Bata, domin mun taɓa samun wasiƙar mai sauraro daga can. Ranar Lahadi na sami shugaban sashenmu, Bamasare ne mai kirki wanda muke kira Ustaz, na roƙi a bar ni in sa cigiya a ƙarshen shirin. Ya saurare ni har na gama, ya sa aka kawo mini shayi.

"Ma'alish, ka yi haƙuri, ya Malam. Ma'aikaci ba ya amfani da iska don gidansa, ka fi ni sani. Kuma rediyon gwamnati ba zai ce mutum ya ɓace a ƙasar da muke zumunci da ita ba. Ka rubuta wa ofishin jakadancinku."

"Na rubuta, Ustaz. Amma takarda ofis za ta je. Rediyo kuwa rumfar mahauta yake shiga."

"Na sani. Khalas, ba zai yiwu ba."

Ban ga laifinsa ba, da ni ne a kujerarsa abin da zan faɗa ke nan. Na dawo gida na gaya wa mamanku, ita kuma ta shiga ta gaya wa Inna. Na ɗauka magana ta ƙare.

Ranar shirin, bayan la'asar, ina zaune a bakin ƙofa ina ɗaura takalmi, sai na ga ƙafafunta a gabana. Na ɗaga kai ina neman mamanku, ba ta nan, tana kicin. Inna ta tsaya, mayafinta a ka, tana kallon bango.

"Malam."

Tun da na auri 'yarta ba ta taɓa kirana kai tsaye ba. Na miƙe tsaye da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Sunansa Yakubu. Yana da tabon ƙuna a bayan hannun hagu, man ƙosai ne ya zubo masa. In ba za a iya ba, ba komai. Na dai faɗa maka."

Ta juya ta shige. A kicin na ji ƙarar cokali ta tsaya, mamanku ta ji. Ta gaya mini daga baya cewa ranar ce ta fara jin sunan yayanta a bakin mahaifiyarsu.

Ba zan ce muku na yi ta kokawa da zuciyata a mota ba, don ban yi ba. Lissafi na yi. Rubutuna mai hatimi minti goma sha ɗaya ne da 'yan sakanni, in na ɗan ƙara sauri a sakin layin koko zan sami sakan arba'in. Na rubuta cigiyar a bayan tikitin mikrobas, na soke duk kalmar da ba dole ba. Injiniyan da ke bayan gilashi ba ya jin Hausa, agogo kawai yake kallo. Na karanta tsibiri da tudu, na karanta Fotugal da Sifaniya, na karanta mai, sannan da muryar da nake karanta labarai na ce ana cigiyar Yakubu, haifaffen Santa Isabel, wanda ya hau jirgi da baffansa kafin a kwashe 'yan Najeriya, mai tabon ƙuna a bayan hannun hagu. Na ce ana zaton yana Bata. Na ce mahaifiyarsa tana raye, duk wanda ya san shi ya rubuto wa wannan shiri. Na yi sallama daidai kan lokaci. Da na fito na buɗe littafin da muke rubuta abin da ya fita a iska, na rubuta cewa na ƙara sakan arba'in da ba su cikin rubutu, na sa hannu. Wataƙila da ban rubuta ba da ba a lura ba. Amma ban ga yadda zan karya ƙa'ida in kuma ɓoye ba.

Kwana uku bayan haka aka mayar da ni teburin fassara. Ba a kore ni ba, ba a rage mini matsayi a takarda ba, an dai ce ba zan ƙara zama gaban makirufo ba, kuma ban ƙara ba har na yi ritaya. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini ciwo. Mutum ya saba a gane muryarsa a kasuwar Kano kafin a gane fuskarsa, sai ga shi yana rubuta jimloli wani yana karantawa, yana tsayawa inda bai kamata a tsaya ba. Wata guda ya wuce, na biyu ya shiga, ba amsa. Na fara tunanin na sayar da aikina a kan zaren da na auna taswira da shi.

Wata safiya Ustaz da kansa ya zo teburina ya ajiye ambulan mai kan sarki da rubutun Sifaniyanci.

"Ba ta shafi sashe ba," ya ce. "Amma in labari mai daɗi ne, a kawo mini alawar basbusa."

Wani mahauci ne a Bata ya rubuto, da ajami. Ya ce shi bai ji shirin ba, maƙwabcinsa ne ya ji, suka yi ta tattaunawa a masallaci har wani ya tuna da bakaniken da ke gyaran injinan kamfanonin da suka zo da harkar mai, wanda 'yan gari ke kira Hakobo, wato Yakubu da Sifaniyanci. Suka je suka ce ya nuna hannu. Baffa ya rasu tun shekarar farko, yaron ya rubuta wasiƙu zuwa tsibiri ba amsa, bai kuma san garin da aka kai mahaifiyarsa a Najeriya ba. A ƙasan takardar akwai lambar waya.

Mun kira shi ranar Juma'a. Hausarsa tana nan, sai dai ta gauraya, in kalma ta ɓace masa sai ya cike da Sifaniyanci. Mamanku ta yi kuka har ta kasa magana, ta miƙa wa Inna wayar. Inna ta ƙi karɓa. Ta zauna a gefen kujera ta ba wayar baya.

"Tambaye shi yana salla?"

"Ya ce yana yi, Inna."

"Yana da iyali?"

"Mata ɗaya, 'ya'ya biyar. Babbar mace ce, sunanki ya sa mata."

"To. Ki ce wa yaron nan ya daina ɓata kuɗin waya, ya zo."

Mu muka kira, amma ba wanda ya gyara mata. Ya zo bayan wata bakwai, wasunku suna tuna shi, dogon nan da ya kawo muku koko a gwangwani kuna tsammanin ƙasa ce. Ya yi mako uku. Inna ba ta kalle shi ido da ido ba a gabanmu ko sau ɗaya, amma kullum da safe sai ta soya ƙosai, kuma ba ta bari ya matso kusa da kaskon.

Bayan wannan rana a bakin ƙofa, Inna ba ta sake yi mini magana kai tsaye ba har ta koma ga Allah. Sai dai muddin tana gidanmu, duk ranar shirin, in lokaci ya yi, takan sa a kunna mata rediyo a falo, ta saurari wanda aka ba kujerata daga farko har ƙarshe, ina zaune a teburi ina yi kamar karatu nake. In ya yi sallama sai ta kashe da kanta, ta gyara mayafi.

"Auta, gaya wa Malam wannan bai kai shi ba."